Cigiyar Ɗan Fari a Kumasi

A Gaya na fara sanin ƙasa ma tana da ƙofa. Ƴan cin ranin garinmu sukan ce zamanin Nasara in ka kama hanyar Kurmi babu mai tsayar da kai sai ka yi nisa. Ni kuwa da ƙafata ta fita sai na ishe an ba kowa mulkin kansa, kowa ya kafa tuta, tamu a wannan bakin kogi, ta Dahome a wancan. Wani ɗan duwan, mai tsaron iyaka, ya leƙo cikin kamyo, babbar motar kayan da muke ciki, ya dube ni ya ce, "Ke tsohuwa, ina zuwa?" Tsohuwa fa, alhali lokacin ko furfura ɗaya ban yi ba. Na buɗe baki in gaya masa wadda ta haife shi ita ce tsohuwa, sai Baba Gado ya taka mini ƙafa.

"Kumasi za mu, mushe," in ji Baba Gado, yana girmama shi da harshen Nasara. "Ɗanta aka ce ya yi haɗari."

Na kau da kai ina kallon ruwa kamar ba da ni ake ba.

Baba Gado dattijo ne a majami'armu ta Dumega, kuma ba don ɗaukar kaya ya biyo ni ba. Ya biyo ni ne don ya zame mini baki. Wanda muke nema ɗan farina ne, a wurinmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta tambayar lafiyarsa gaban mutane. Tun da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi. Ita yake kira Inna har ta rasu, ni kuma Yaya yake ce mini yadda ƙannena suke faɗa. Kada wani ya ce ƙiyayya ce, don in na ji haka raina yana ɓaci. Kunya ce. Loma mai nama kullum tana gefen akushinsa, shi ma ya san hannun da ya ajiye ta.

Mijina yana cikin na farko da suka bi Almasihu a unguwarmu, ni ma na bi bayansa. Da ya daina yi wa doguwa, aljanar gidansu, yanka, sannan ciwon ƙirji ya ɗauke shi, danginsa suka ce ai ga shi nan. Suka karɓe gonar fadama suka bar mana tudu mai rairayi. Shi ya sa yaron ya tafi Kurmi neman abin da za mu ci, har damina uku ba mu gan shi ba.

Ranar wata kasuwa sai ga wani mutumin Kore Mairuwa da ya dawo daga can, ya yi sallama ƙofar gida, ya ambaci sunan, ya ce uwarsa yake nema. Matan ƙannen mijina suna zaune suna sussuka, duk suka zuba mini ido. Na yi abin da aka koya mini. Na ce, "Ga matan gidan nan, gaya musu," na ɗauki tulu na nufi rijiya. Kafin in dawo mutumin ya bi motar kasuwa. Abin da suka riƙe mini kalma uku ne: Kumasi, fasa dutse, nakiya. Babu wadda ta tambaye shi ko yaron yana da rai. Abin da ya dame su doguwa ce, wai ta ci uba ta bi ɗa, a nemo baƙar akuya kafin ta waiwayi sauran. Akuya kam na nemo, tawa ce, na sayar da ita na yi guzuri, na kai ƙananan yara wurin ƙanwata.

Daga Gaya zuwa Jugu kamyon nan ya fi zama a kan lalacewa da tafiya. Ashe Baba Gado ya fito da kurkunu a ƙafa tun daga gida, ya naɗe da tsumma bai gaya wa kowa ba. Kafin mu isa Jugu ƙafar ta kumbura suntum, sai ɗauko shi aka yi daga mota. Wani mutumin Tibiri mai sayar da albasa ya karɓe mu, Allah ya saka masa.

Da safe Baba Gado ya kira ni bakin tabarmarsa. "Saratu, wagga ƙafa ba ta zuwa Kumasi."

"To mu jira ta warke."

"Kurkunu ba shi da gaggawa, kin sani, sai ya ga dama shi fito. Ki zauna nan, in na samu sauƙi mu koma gida a aiko namiji."

"Wane namiji, Baba? Masu neman baƙar akuya?"

Ya kori ƙuda daga ƙafar. Can ya ce, "To in kin tafi, da wane baki za ki yi cigiya? Mai cigiya ba shi ɓoye suna."

"Allah da ya ba ni bakin shi ya san yadda zai yi da shi."

"Baki kam ya ba ki, duk Dumega shaida ce. Abu ɗaya ne tak bai iya faɗi, shi kuma ake nema yanzu."

Da ya ga ba zan zauna ba ya ɗora hannu bisa kaina ya yi addu'a. Bai roƙi hanya ta yi sauƙi ba, na lura da wannan, har na ji haushi. Cewa ya yi Ubangiji ya riƙe ni ko ta yi sauƙi ko ba ta yi ba. Ban sake ganinsa ba sai a hanyar komawa, ya warke yana taya mai albasa ciniki, har da ƙiba.

Na ratsa Togo cikin wata mota cike da buhunan wake, na shiga Gana, na sauka Tamale. A tashar nan na ji harsuna iri-iri, har da wata Hausa da ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa "ya" ake ce masa. Ina tsaye da ƙunshina a ka sai wani mutum mai farar riga tas ya dubi zanen fuskata, aska biyu daga baki zuwa kunne irin tamu ta Arawa, ya washe haƙora.

"Ba'ara ce wagga. Sannu da hanya, ƴar uwa. Ina mutanen Dutsi? An yi ruwa bana?"

Rabona da jin maganar gida tun Jugu. Wallahi ji na yi kamar an zuba mini ruwan sanyi. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce wani yaro na gidanmu nake nema.

"Dogo haka?"

"Dogo ne."

"Mai aikin ƙarfi?"

"Wurin fasa dutse aka ce. Wai nakiya ta tashi da su."

"Af, ai shi ne. Ƙwarzane kawai ya samu, ya warke sarai. Ya baro Kumasi, shina nan bayan gari wurin masu gyaran hanya. Shekaranjiya ma tare muka ci tuwo."

Na zauna a ƙasa. Yanzu ku duba, tambaya ɗaya ta isa ta tona asirinsa: to yaya sunansa? Ta zo mini har maƙogwaro. Amma in ya faɗa, dole in amsa in ce shi ne, gaban jama'ar tasha, kowa yana kallo. Na haɗiye ta. Ya ce in zauna gindin wani mangwaro in huta, bari ya kai kayana cikin motar da ke zuwa can ya kama mini wuri. Na ɗora masa ƙunshin da hannuna, har da godiya. A ciki akwai garin gero, da zannuwana, da bargon saƙa na mijina wanda na ɗauko wa yaron.

Na zauna har inuwar mangwaron ta tashi daga wannan gefe ta koma wancan.

Na zage shi, ba zan ɓoye ba, na zage shi har kakanninsa, masu tasha suka taru suna kallon mahaukaciya. Kayan ba su ne suka ci mini rai ba. Mutumin nan ya ba ni ɗana da rai na rabin yini sannan ya ƙwace. Da na gaji da zagi na juya ga Ubangiji, don ni ban iya addu'ar ladabi irin ta Baba Gado ba. Na ce, "Ka ɗauki miji na yi shiru. An ɗauki gona na yi shiru. Yanzu ka bar ɓarawo ya yi wasa da ni da harshen garinmu? In juyawa kake so in yi, ka faɗa mini, ka san ba ni da wayo." Bai faɗa ba. Ni kuma ban juya ba.

Wata mai sayar da abinci a bakin tasha, mutuniyar ƙasar, ita ta kama hannuna ta kai ni rumfarta, ta nuna mini turmi. Sakwara take sayarwa. Ni da na tashi da taɓarya a hannu na ɗauka daka daka ce, ashe doya tana riƙe taɓarya ta ƙi saki, kafaɗuna suka yi tsami kamar ban taɓa aiki ba. Matar ba ta da yawan magana. Ta ba ni ci, ta ba ni wurin kwana, ta ba ni tsohon zane. Abincin ne dai ya ƙi zama mini, in na haɗiye shi sai in ji kamar ban ci komai ba. Na yi marmarin fura har ina jin ƙanshinta inda babu ita. Ranar Lahadi na bi ƙarar ƙararrawa na shiga wata majami'a, na zauna can baya. Ban ji kalma ɗaya ba sai sunan Yesu da amin, su kuma sun ishe ni wannan rana. Da na yi dakan da ya kai kuɗin mota, ita da kanta ta raka ni ta sa ni a hannun direba.

Motar iyakarta Yeji, bakin wani kogi da ya sa namu na Gaya ya zama ƙarami a idona. Jirgin fito ɗaya ne, shi ke ɗaukar motoci da mutane da shanu, layi kuwa ba a magana. Ina zaune bisa wani kututture, ban san yadda zan ƙarasa Kumasi ba, sai na ji an ce a bayana, "Kai jama'a, ga baiwata ta gudo har nan. Ba'ara, mi ya raba ki da tulun giya?"

Ban ko waiwaya ba na ce, "Abin da ya raba ka da wanka, Bafillace."

Ya fashe da dariya, ni ma na ji dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun da na baro gida. Fulani da Arawa abokan wasa ne tun kakanni, in kun haɗu sai kun zagi juna sannan a gaisa, wanda kuma ya ishe ɗan uwansa cikin wahala ba shi da ikon wucewa. Sunansa Buba, dattijo siriri, mutumin wajen Sukukutane, sun koro shanu tun daga gida za su sayar a Kumasi. Ya kwance wata jakar fata ya ɗebo gumba ta gero, ya sa aka tatso madara, ya dama mini a ƙwarya. Gero na ƙasarmu. Na kafa kai ina sha hawaye suna zuba a ciki, shi kuma ya juya yana duban shanunsa har na gama.

Ya tambayi inda za ni. Na gaya masa, na ce wani yaro na gidanmu. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da sandarsa.

"Na fari ne," ya ce. Ba tambaya ya yi ba. "Nawa shina can gida da sauran garke. Mu mun fi ku wanga ciwo." Bai ƙara tambayata komai a kan yaron ba. Ya ce akwai shanun da suka gaji, za a loda su a kamyo bayan an ƙetare, shi zai bi su, in ba na ƙyamar kashin shanu akwai wuri. A zangon Kumasi kuma ya san maigidan da Arawa ke sauka wurinsa.

Muna jiran jirgi ya ga na sunkuya ina addu'a ba tare da alwala ba. "An ce wasunku sun bi addinin Nasara."

"Ba na Nasara ba ne. Nasara ya naɗe tutarsa ya tafi, ga mu nan muna bi."

"To madalla. Ki roƙa ta naki gefe, in roƙa ta nawa, ko Allah ya ji tausayin Ba'ara."

A tsakiyar kogin nan, ina riƙe da ƙarfen jirgi, wani wa'azi na Baba Gado ya faɗo mini, na ranar da aka yi wa Yesu baftisma a kogi, Allah ya yi magana daga sama gaban taron jama'a ya shaida cewa ɗansa ne, yana kuma ƙaunarsa. Da can in na ji wannan wuri nakan ji nauyi, in sunkuyar da kai, don a wurinmu ko mahaukaci ba ya faɗin haka. Na ce a raina, "Kai ai ba ka da matan ƙannen miji masu yi maka dariya." Amma maganar ta ƙi barina har muka kai gaci.

Kumasi gari ne da itatuwa suka rufe wa sama, ruwa kuma ba ya sallama kafin ya sauko. Buba ya kai ni ƙofar Maigida Tankari a zango, ya ce, "Ga baiwata na kawo maka ajiya," ya tafi kasuwar shanu. Ban sake ganinsa ba har yau.

Maigida Tankari Ba'are ne da ya daɗe a can, mai tumbi da carbi, ya ga ƴan cin rani iri-iri. Ya sa aka ba ni ruwa, sannan ya ce, "To, wa ake nema?"

"Wani yaro, ɗan Dumega."

"Ƴan Dumega sun fi gashin kaina. Sunansa?"

Na yi shiru.

"To sunan ubansa?"

Na ƙara yin shiru, don sunan miji ma ba a faɗi. Matarsa Kande, haifaffiyar zango, tana tsaye bakin ƙofa, ita ta ce, "Malam, ba ka gani ba? Ɗan farinta ne."

Ya tafa hannu. "Ikon Allah. Kin ƙetare ƙasa uku ki zo ki yi mini kunya a zaure? Ni duba zan yi?"

Na ce wurin fasa dutse yake, nakiya ta tashi da su. Nan fuskarsa ta sake. Ya ajiye carbin. Ya ce masu wannan aiki a daji suke kwana, ba sa sauka gidansa, amma labarin ya iso zango. An binne wasu a can. Waɗanda suka rayu an kai su babbar likita, wato asibiti, yawancinsu ido ne ya taɓu, ya ji har yanzu akwai saura a kwance. Bai san su wane ne ba. Ya ce, "Ƴar uwa, ki shirya zuciyarki ta kowane gefe." Na ce tun daga Dumega nake shirya ta, ta ƙi shiryuwa.

Kande ce ta raka ni washegari da hantsi. Wani ma'aikaci mai jin Hausar kasuwa ya kai mu ɗakin masu ciwon ido, ya ce ƴan nakiya suna cikinsu, amma shi bai riƙe sunan kowa ba, mu shiga mu duba. Ɗaki ne dogo, gadaje hagu da dama, maza kwance rigingine, an naɗe musu kai da farin ƙyalle daga goshi har kumatu. Duk sun rame, duk gemu ya fito musu. Na bi layin nan na dawo ta wancan. A nan na gane abin da ban taɓa tunani ba. Ni ban san fuskar yaron nan ba yadda uwa take sanin fuska. Ƙeyarsa na sani, da bayansa, da yadda yake jefa ƙafa, don sai ya juya zai tafi nake ɗaga ido in ƙare masa kallo. Ga shi kowa a kwance yake bisa bayansa.

Kande ta matso. "Raɗa mini a kunne, ni in kira."

Na dube ta. Raɗa ma ai faɗi ce. Na ce a raina, in dai sai ya fita daga bakina, to gara ya tafi wurin mai shi. Na ce, "Yesu, kama mini." Na buɗe baki, iska kawai ta fito. Na sake.

"Arzika."

Babu wanda ya motsa. Wani can yana tari, shi ke nan. Na ce shi ke nan, yana cikin waɗanda aka binne a daji, na faɗi sunan a banza bayan mai shi ya tafi. Sai na saki muryar da nake kiran yara da ita daga wata gona zuwa wata.

"Arzika!"

Can ƙarshen ɗaki, kusa da taga, wani kai ya juyo. "Wa ke nan?"

Ban san yadda na isa bakin gadon ba. "Ni ce."

"Ke wa?"

"Uwarka."

"Inna ta rasu tun ina gida."

"Ba Inna ba. Ni ce, Yaya."

Sai ya mai da kansa wajen bango. "Yaya ba ta kiran sunana. Ko ke wace ce, don Allah ki bar ni da abin da ya dame ni."

To a nan fa raina ya tashi. Na ce, "Kai, ɗan banza mai taurin kai irin na gidanku. Na sayar da akuyata, na bar tsoho da kurkunu a Jugu, ɓarawo ya yashe ni a Tamale, na daki doya har kafaɗata ta goce, na shigo gari cikin kashin shanu, sannan ka juya mini ƙeya ka ce ko ni wace ce? Damina uku ko sallahu babu. Da bakinka ma nakiyar ta tashi?"

Na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta fara zuwa. "Yaya ce," ya ce wa na gadon kusa da shi. "Wallahi Yaya ce." Sannan kukan ya biyo. Ma'aikacin ya sheƙo yana cewa kada ya yi kuka, ba a daɗe da sake ɗinke idon ba. Yaron ya miƙo hannu yana lalube, na kama. Rabona da riƙe hannun nan tun yana shan nono. Na durƙusa a nan ƙasan siminti na gode wa Allah da ƙarfi, Kande kuma tana gefe tana ta alhamdulillahi.

Na zauna gidan Kande, ina taya ta aiki, kullum da rana in kai masa kunun gero. Ido na hagu ya tafi, wannan lokotoro, mai duba idon nasu, ya riga ya faɗa. Na dama ne ake jira a kwance a gani. Wata rana yana shan kunu ya ce, "Yaya, in bai buɗe ba, ba ni komawa Dumega. Su ce doguwa ta ci uba ta makantar da ɗa? A riƙa ja na da sanda ana nuna ni?"

"Su faɗa, bakinsu ne. Sun faɗa ranar da muka binne ubanka, rana ba ta fasa fitowa ba."

"Kina ganin Allah zai buɗe shi?"

"Ban sani ba, bai gaya mini ba, ni kuma ba zan yi maka ƙarya da sunansa ba. Abin da na sani, na fito ban san ko kana da rai ba, ga ka kana shan kunu. Wanda ya yi wannan ba a ƙofar likita zai sake mu ba. Da ido ko babu ido, gida za mu, tudun nan mu noma shi. Shanye kafin ya huce."

Ya shanye. Ni kuwa da na fita sai da na jingina da bango, don duk abin da na faɗa masa ni ma ina bukatar mai faɗa mini.

Ranar da za a kwance ƙyallen aka bar ni na shiga. Lokotoro ya sa aka rage hasken taga, ya zaunar da shi, ya riƙa warwarewa a hankali. Ma'aikacin nan mai jin Hausa ya ce in tsaya daidai gabansa. Na tsaya. Aka cire audugar ƙarshe. Ya daɗe yana ƙifce-ƙifce, ruwa yana zuba daga idon.

"Akwai haske," ya ce. Ya ƙara ƙifta idon. "Yaya, ina ganin ɗankwali, ina ganin kunne. Ban sani ba ko iyakar idon ke nan, ko ke ce kika kau da kai."

Ashe na juya fuska wajen bango ban ma sani ba. Na juyo. Na dube shi sosai, tabon da dutse ya bar masa, da idon da ya mutu, da wanda ya rage ja wur, da goshin ubansa sak. Wuyana yana so ya sunkuya, na hana shi.

Lokotoro ya yi magana, ma'aikacin ya ce, "Wai me kake gani?"

"Ka ce masa uwata nake gani," in ji Arzika. "Tana dubana."